Kujerar Babban Baƙo

Ingila, ƙarshen Yuni

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, ko da yake ni tawa a aji na yi ta, da burodi da shayi. Ina fatan kina lafiya, da yara, da 'yan makarantarki na Gwaram masu sa ki ciwon kai. In kin leƙa Dingaya ƙarshen mako ki gaishe mini da iyayenki, Baba Sabo da Inna Barira, ki tambayi Baba ya ƙafarsa. Ni lafiya ƙalau, sai mura da ta ƙi sakina. Garin nan a bakin teku yake, iska ba ta hutawa, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya sauko.

Ruwan ne ma ya jawo wannan wasiƙa. Ranar Lahadi da rana ya tare ni a hanya, na fake a wani ƙaramin gidan sinima inda tsofaffi ke zuwa kallon finafinan zamaninsu. Wanda na tarar marar kala ne, na ban dariya, labarin wani gari na bakin teku irin wannan. Matar shugaban garin ce ta shirya liyafar shayi don wata babbar baƙuwa daga birni. To ita matar tana da wa, mai soya kifi a bakin ruwa. Kowa a garin ya san shi, amma ba ta so baƙuwar ta gane ciki ɗaya suka fito. Sai ta shigo da shi ta ƙofar baya, ta ɗaura masa ƙyallen masu aiki, ta ba shi faranti ya riƙa zagayawa. Shi kuma bawan Allah da ya juya sai ya manta, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna yara, ita kuma ta hau tarin ƙarya don ta rufe muryarsa. Tsofaffin nan dariya har da hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Amma da na fito sai na tuna Baba Sabo. Shi da mahaifinmu Malam 'ya'yan wa da ƙane ne. Kakanmu ya tafi Birnin Kudu neman ilmi, kakanku ya tsaya ya riƙe gonar Dingaya, iyakar bambancin ke nan. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba zaune a zaurenmu ranar wani sha'ani ba. Malamai da alhazai suna kan darduma ana zagaya musu da turare, shi yana bayan gida cikin hayaƙi, hannun riga a naɗe, jini har gwiwar hannu. Mu kuwa 'ya'yan Malam mu wuce da fararen kaya muna ɗage ƙafa. Yaya, me ya raba mu da matar nan?

Kin san cikin Agusta za a yi walimar haddar autarmu Mahbuba. Tun da idon Malam ya yi rauni ya bar shirin a hannuna da na Yaya Hadi, ni kuma karatu ba zai bar ni in zo ba. Abin da na ƙudurta shi ne, wannan karon Baba ba zai taɓa wuƙa ba. Za a buga kati, sunansa a sama, Babban Baƙo na Musamman. Kujerarsa a sahun gaba, dab da ta Malam. Abinci kuwa masu girkin biki za a ɗauko daga Dutse. Kada ki gaya masa tukuna, so nake katin ya yi magana.

Ƙaninki,
Ikrima


Gwaram, Yuli

Malam Bature,

Wa alaikumus salam. Mun gode da barka da Sallah. Allah ya sauwaƙe mura, ka nemi citta da kanumfari in suna da su, in ba su da su ka yi haƙuri, kai ka zaɓi garin. Mu lafiya lau. Damina ta zauna, ciyawa ta fi ƙarfin kowa, ɗalibaina rabinsu suna gona. Ƙafar Baba da sauƙi, har yana hawa keke. Na karanta masa gaisuwarka ya ji daɗi, amma na tsallake batun sinima, don kada ya ce an tura ka karatu ka koma kallo.

Labarin mai kifi ya ba ni dariya, har sai da na ba malaman makarantarmu. Sai dai ina da tambaya ɗaya, tun da kai ka gani da idonka: a duk fim ɗin, akwai wanda ya tsaya ya tambayi mai kifin inda shi yake so ya tsaya?

Bari in ba ka labarin da ba ka sani ba. Tun ranar da aka aiko cewa Mahbuba ta raba Alƙur'ani biyu a hadda, Baba ya ware wani jan maraƙi ya ɗaure shi a turken kusa da ɗakinsa. Yanzu ya zama sa, ƙofar garke da ƙyar take ɗaukarsa. Harawar wake da dusa yake ci, Inna har cewa take yi san ya fi ta gata a gidan. Sunansa ma Na Mahbuba. Jiya na tarar da Baba yana wasa wuƙaƙensa a dutsen bakin rijiya, na ce ai da sauran lokaci, ya ce ƙarfe ba ya son gaggawa.

Saboda haka batun kati da masu girki, ka sake lissafi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an aika wa mutum kati zuwa gidansu ba, sai dai in a Ingila ake yi. Kuma in ka zaunar da Baba a kujera tun safe har la'asar ba tare da ya daka wa kowa tsawa ba, sai dai ku tanadi likita a kusa.

Ka ci abinci, hotonka na Sallah duk wuya ne.

Yayarka,
Safiyatu


Ingila, Yuli

Yaya Safiyatu,

Sallama da gaisuwa. Mura ta tafi, citta ta yi aiki. Na yi murna da jin Baba yana hawa keke.

Wasiƙarki ta sa ni dariya, musamman batun likita. Har yanzu ba ki bar tsokana ba. Amma ki duba, ai abin da kika faɗa shi ne hujjata. Mutum ya shekara yana kiwon sa, ya kora shi har Birnin Kudu, ya yanka, ya feɗe, ya kasa, sannan a buga labarin walima a ce su wane da wane sun halarta, ba a ko ambaci sunansa ba. Na san halin mutanen Dingaya, kara ta yi muku yawa, ko an tauye ku sai ku ce ba komai. Baba ba zai taɓa neman kujera da bakinsa ba, shi ya sa ya wajaba mu mu ba shi.

San kuwa ya bar abinsa, Allah ya sa masa albarka. Yaya Hadi ya riga ya gama magana da masu girki, kati yana wurin bugawa, mai ruwan zinare a gefe. Na so ki ga yadda sunansa ya zauna a kai.

Zan ɗan yi shiru kwanakin nan, rubutun kammala karatu ya sha mini kai, malamina kuma ba ya wasa.

Ikrima


Dingaya, farkon Agusta

Ikrima,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Allah ya ba da sa'ar rubutu. Ka karanta wannan har ƙarshe, yau ba wasa a ciki.

Kati ya iso jiya, mai babur ya kawo. Baba ya dawo daga gona ya wanke hannu kafin ya karɓa, don ya ga ƙyallin zinare. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini ya ce in karanta. Na karanta. Da na zo kan sunansa sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To, madalla. Mun zama manya."

Sai ya ce, "San fa? Yaushe za a kora shi?" Dole na gaya masa batun masu girki daga Dutse. Ya tashi ya tafi turke, ya tsaya yana shafa wuyan san, har Inna ta kira shi cin abinci ya ce ya ƙoshi.

Ikrima, kai a gidan ka tashi amma ta zaure kake kallonsa. Ka san yadda Baba Malam yake sanar da Baba in sha'ani ya taso? Saƙon baka ne, a bakin duk wanda ya samu mai zuwa Gwaram: "A ce wa Sabo ranar kaza ce." Ko gaisuwa babu. Baba kuwa ya fi alfahari da wannan saƙo a kan komai, don mai gida ake yi wa haka, ba a roƙonsa ya zo. Matar fim ɗinka ɓoye wanta ta yi. Baba wa ya taɓa ɓoye shi? Ranar sha'ani ko limamin unguwarku ne yake son a ƙara wa gidansa nama, sai ya zagaya baya ya ce Sabo a taimaka. Shi yake cewa wannan kason na gidan wane ne, kai da ƙafa na maƙwabta ne, hanta ta mai sha'ani ce. Shi kaɗai ne namijin da ke shiga har madafa ba sallama, ya buɗe tukunya ya ce gishiri bai ji ba, Hajiyarku ta bi shi da muciya. Kai ka ga jini a hannun riga, shi kuwa a wurinsa nan ne gidan ubansa.

Na yi kuskure da na sa maganar cikin raha a wasiƙar baya. Yanzu ga ta a fili. Ka kira Yaya Hadi, a sallami masu girki ko a bar musu shinkafa kawai. Ka sa Baba Malam ya aiko da saƙonsa irin na kullum. Na kira Yaya Hadi da kaina, ya ce shirinka ne, ba zai taɓa ba sai ka ce. Lambarka kuma na buga har na gaji. Ni ba ni da fuskar da zan tsallake ku in kai ƙara wurin Baba Malam.

Ina jiran amsarka.

Safiyatu


Gwaram, ƙarshen Agusta

Ikrima,

Sallama. Muna lafiya. Shirunka ya yi yawa, ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. An yi walima, Mahbuba ta yi karatu mai sa tsikar jiki tashi, Allah ya sa ta amfana. Na san Yaya Hadi ya tura maka hotuna, kuma sun yi kyau. Ni abin da babu a hoto zan ba ka.

Baba ya zo. Mutumin da yake isa gidanku tun jajibiri da wuƙaƙe a buhu, wannan karon ya sa na duba masa lokacin da aka rubuta a kati, a lokacin ya iso. Sabuwar babbar riga ya ɗinka, shuɗiya, sitaci har tana ƙara. A bakin rumfa masu tarbar baƙi da aka ɗauko suka tare shi, don ba su san shi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kati ya nuna, a ƙofar gidan da ya yi wa yaɓe da hannunsa. Suka raka shi har kujera da girmamawa, ba laifinsu.

Ya zauna dab da Baba Malam kamar yadda ka tsara, hannuwa bisa gwiwa. Ina daga ɓangaren mata ina hangensa. Can Baba Malam ya juya wajen Yaya Hadi ya ce, "Kai, Sabo lafiya kuwa? Tun jiya ban ji muryarsa a bayan gida ba." Ka san idonsa. Sai Baba ya ce, "Ga ni nan, Malam." Baba Malam ya miƙa hannu ya laluba, ya ji sitacin riga, ya ce, "Me kake yi a nan? Wa ke kan nama?" Baba ya ce, "An ce in huta." Baba Malam ya daɗe riƙe da hannun rigar bai saki ba.

Mai gabatarwa ya kira sunan Baba da lasifika, aka yi kabbara, ya miƙe ya zauna. Aka kawo abinci a 'yan robobi da cokali. Ya riƙe tasa a cinya bai buɗe ba.

Abin da ya karya ni shi ne Mahbuba. Da ta gama karatu ta zagayo da gudu, ko mayafi ba ta gyara ba, ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ina hantata?" Ka tuna, kai ma ya ba ka taka ranar saukarka, a kan wuƙa, da zafinta. Baba ya dube ta ya yi murmushi ya ce, "Yau ni baƙo ne, 'yar nan. Ki tambayi masu gida." Yarinya ta ɗauka wasa ne, ta tsaya tana jira.

Ana idar da azahar ya ce zai koma. Bai shiga cikin gida ba. A zaure ya tsaya ya yi sallama, ya jira aka amsa, ya ce a gaya wa Hajiya Allah ya ba da lada. Hajiya ta fito da muciya a hannu don ta tsokane shi, ta tarar har ya kai bakin titi.

Ban rubuto don in ɓata maka rai ba. Na san alheri ka nufa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Safiyatu


Ingila, Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki dai akwai ta. Na miƙa rubutuna, abokai suna ta murna, ni ko fita ban yi ba.

Wasiƙarki ta farkon Agusta ta iso a kan lokaci. Na buɗe ta a ɗakin karatu, idona ya faɗa kan "madalla, mun zama manya", na yi murmushi na ce shiri ya yi, na rufe da niyyar in ƙarasa in na samu sarari. Wayar ma a kashe na riƙa barinta. Sai da ta biyun ta zo na koma na karanta ta har ƙasa. Kin ce in karanta har ƙarshe, layi na biyu ne ma, kuma na tsallake shi.

Na kira Malam. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ikrima, ni da Sabo ba mu taɓa gode wa juna ba, yanzu ka sa ya aiko mini da godiya."

Na kira Baba ta wayar Inna Barira. Yaya, mutumin da tun ina rarrafe yake ce mini Ɗan Malam mai kunnen ƙashi, na yi sallama ya ce, "Ranka ya daɗe." Na ba shi haƙuri, ya ce haƙurin me, ai an karrama shi, mutanen Dingaya duk sun ga katin. Kuka ya zo mini, na ce layi ba kyau.

Tambayar da kika yi mini tun farko, na yi ta juya ta. Babu wanda ya tambayi mai kifin. Ƙanwarsa ba ta tambaye shi ba da ta kai shi baya, ni ma da na fito ina jin haushinta ban tambayi nawa ba da na kai shi gaba.

Cikin Oktoba zan dawo in sha Allahu. Daga Birnin Kudu Dingaya zan wuce. Ki roƙa mini shi ya bar Na Mahbuba a turke. Mu kora shi tare har gida, a sake tara 'yan uwa ko ba rumfa, ya yanka, ni in riƙe ƙafa da fararen kayana. Ki gaya mini ko hakan zai yiwu.

Ƙaninki,
Ikrima


Dingaya, ƙarshen Satumba

Ikrima,

Wa alaikumus salam. Barka da kammala karatu, Allah ya sa albarka. Muna lafiya, gero ya nuna, an fara yanka. Ƙafar Baba ta ɗan motsa amma yana fita.

Wasiƙarka ta zo a makare. Na Mahbuba ya tafi. Ranar kasuwar da ta wuce Baba ya kora shi Gwaram da kansa, ya sayar wa wani mahauci. Inna ta ce bai ko tsaya ciniki ba. Wuƙaƙen kuma ya naɗe su a buhu ya ba maƙwabcinmu Badamasi, ya ce shi ya tsufa da wannan aiki.

Na gaya masa kana tafe, kuma nan za ka fara sauka. Wallahi ya yi murna, fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun kafin walima. Har na fara cewa a raina abin zai gyaru.

Washegari ya koma Gwaram. Da la'asar sai ga shi a bayan a-kori-kura, da kujera. Irin mai laushin nan ce, mai hannu, ruwan ƙasa, kusan irin wadda kuka zaunar da shi. An sa ta a zaure, daidai inda tabarmarku take, wadda kake kwanciya a kai in ka zo hutu kana cin gyaɗarsa kana musu da shi. Tabarmar an naɗe ta an jingine bayan ƙofa. Bai yarda an cire ledar kujerar ba, kullum da safe shi yake goge ta, jikokinsa ko kusa ba sa zuwa.

Na ce, "Baba, Ikrima ne fa." Ya ce, "Na sani. Ai shi ya nuna mana yadda ake yi yanzu. Ba za a ce ya zo gidanmu mun kasa ba."

Na duba fuskarsa ko zan ga fushi ko gatse, don in da su ne da na san yadda zan lallashe shi. Babu. Da zuciya ɗaya yake shirin tarbarka.

Ka zo, kada ka fasa. Amma ban san shawarar da zan ba ka ba. In ka zauna a kanta, ka tabbatar masa da abin da yake zato. In ka ƙi, ka ƙi karamcinsa a gidansa. Na yi ta tunani ban samo ta uku ba, wataƙila kai ka samo a hanya.

Akushin da kuke ci tare Inna ta wanke shi jiya ta ajiye maka. Baba ya gani ya ce ta mayar ɗaki. Ya ba ni saƙo in na koma Gwaram in sayo faranti, da cokali.

Yayarka,
Safiyatu